Kwanon da Ya Tsallaka Katanga

Markar bana ta zo da naci. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, irin mai tsiyayar nan ne tun safe har mutum ya manta kamannin rana. Shanya ta yi ta wari a kan igiya, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina kallon indararo yana zuba a baho, sai iska ta kwaso mini ƙamshin soyayyen waken soya da gyaɗa daga wani gida a bayan layinmu. Na san ƙamshin nan. Ban gama tattara hankalina ba sai ga 'yata ta shigo, lema a hannu, bakin zanenta duk taɓo, fuska a murtuke.

Sunanta Safiya. A rubuce nake iya faɗa, a baki kuwa ban taɓa ba, don 'yar fari ce, mu kuma da alkunya aka raine mu. Mai Awo nake ce mata da tsokana, saboda aikinta ke nan. Ta yi karatu mai zurfi a kan yadda ake gane ko aikin taimako ya yi amfani, ko kuwa gajiya kawai aka kwasa. A bana an ɗora mata auna aikin wasu 'yan bautar ƙasa da matasa 'yan sa-kai da ke raba garin kunun yara a nan Tudun Wada. Garin bai isa kowa ba, don haka aka yi ƙuri'a. Wasu gidaje suna karɓa yanzu, wasu kuma auna yaransu kawai ake yi har zuwa kaka, sannan su ma a ba su. Yaron da ya rame sosai ba ya shiga ƙuri'a, asibiti ake kai shi. Idan kaka ta yi aka ga waɗanda suka sha sun fi waɗanda ba su sha ba, masu tallafin za su ci gaba baɗi, har su kai Gyallesu da Tudun Jukun. Idan ba a ga bambanci ba, an naɗe tabarma ke nan.

"Mama, matan nan za su kashe mini aiki," ta ce, ko zama ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa dai tukuna. Wa ya taɓa mana Mai Awo?"

"Rabawa suke yi! A ba mace gari saboda ɗanta, ta dama, ta zuba a kwano ta kai wa maƙwabciyar da ba ta cikin masu karɓa. Yau da idona na ga wata ta fito da kwano a ƙarƙashin hijabi. To in duk suka sha, me zan gwada da me? Ranar Asabar za su taru a makarantar Islamiyya. Ke suke jin maganarki, Mama. Don Allah ki ce su daina, zuwa kaka kawai."

Na ce mata to. Bakina ne ya faɗa, ni ban san na faɗa ba. Ta shige ɗaki ta canza kaya, ta bar ni da ƙamshin nan, da wata marka ta sama da shekara talatin da suka wuce.

A shekarar, ruwa ya yi mana wasa da hankali tun daga farko. Ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka da murna, sannan sama ta ɗauke kamar an toshe ta. Zafin bazara ya dawo sabo. Ƙasa ta yi fari fat, shuka ta lanƙwashe ta ƙone, daɓe ba ya takuwa da rana sai da takalmi. Malam, maigidana, tela ne a bakin kasuwa, yana kuma da 'yar gona a bayan Gyallesu kamar yawancin mazan unguwa. Da ruwa ya dawo, irin da ya sake shukawa daga cikin abin da za mu ci aka ɗebo shi. Ina tsaye ya auna dawar ya ɗaure a tsumma, ni kuma na leƙa buhun na ga gindinsa. Ɗinki ma ya tsaya, don mai jin yunwa ba ya tuna sabuwar riga.

Ruwan da ya dawo kuma bai zo da sauƙi ba, ya zo ne da ciyawa. Maza suka koma gayya, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. A al'ada mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya su ci su ture, amma a shekarar da tsararon kunun tsamiya aka yi noman, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Malam yakan dawo da la'asar, ƙafafu sun yi fari saboda jiƙa, ya zauna a kan turmi yana huce gajiya.

Mu mata namu aikin a jere yake. Da safe a yi kokawa da jiƙaƙƙen itace, a yi ta hura wuta har ido ya yi ja, hayaƙi ya cika tsakar gida ya ƙi tashi sama. In akwai ɗumame, na mai tafiya gona ne. Da hantsi mu yafa mayafi mu bi bayan gidaje muna tsinkar tafasa da rama, a dafa, a matse, a yi kwaɗo da ɗan ƙulin da bai kai ya amsa sunansa ba. Da rana a sha ruwa a yi salla. Da yamma a ɗora fate. Ana tsokanarmu Zazzagawa da son fate, amma faten shekarar ko mu ba mu yi alfahari da shi ba. Ruwa ne da yakuwa, tsakin kuwa sai an yi ta lalubensa da ludayi. Cikin mutum ya cika dam, kafin a gama wanke kwanuka ya sake kira.

A cikin wannan hali nonona ya janye, 'yata kuwa, Mai Awon nan, ba ta daɗe da cika shekara ba. Na ba ta koko, na ba ta ruwan fate, abin ya riƙa wucewa kamar an zuba a rariya. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu suka sirance, ta daina kama bango tana miƙewa. Inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Ga kuma alkunya ta ɗaure ni. A gaban Inna, uwar mijina, ban isa in tsaya ina jujjuya 'yar fari ba, balle in buɗe baki in ce 'yata ba ta da lafiya. Ko kuka take yi sai in yi kamar ban ji ba, har Inna ta ce, "Ke, ɗauki 'yar mutane mana." Da wutsiyar ido nake kallonta tana ƙarewa, ina daka, ina haɗiye hawaye.

A daminar ne aka turo wata 'yar bautar ƙasa ƙaramin asibitin unguwarmu. Bayarabiya ce, Anti Bisi muke ce mata, siririya mai wandon kaki da yagaggiyar lema. Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji, mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Ita ta fara soya gero da waken soya da gyaɗa ta niƙa su tare ta ce a dama wa yara. Ta samo ɗan tallafi daga wani wuri, ta ƙara da nata, amma bai isa rabin yaran da ke buƙata ba. Ta rataye sikeli a reshen dalbejiyar ƙofar asibitin, ana zura yaro a wani ɗan wando a saƙala shi yana ta wutsil-wutsil. Tsofaffi suka ce ba a auna ɗan mutum, mu kuma muka ce yau 'ya'yanmu sun zama buhun barkono.

Ranar rabo ta kawo ƙwarya an rufe da faifai, a ciki da farin wake da jan wake. Mai fari za ta riƙa karɓar gari, mai ja awo kawai. Ta yi mana bayani har muryarta ta dushe. Ta ce in manyanta suka ga yaran fari sun fi yaran ja nauyi, baɗi za a kawo garin da zai ishi kowa. Ta haɗa hannuwa biyu tana roƙo: "Mama, don Allah, kai ba raba. Ƙaramin lokaci kawai." Muka ce mun ji. Na zura hannu a ƙarƙashin faifan na zaro jan wake. Maƙwabciyata Uwani, da ke bayana a layi, ta zaro fari.

Katangar ƙasa ce kawai tsakaninmu da Uwani. Ta girme ni da kaɗan, mace ce mai murya, in tana faɗa da mijinta har kajinmu sai sun natsu. Ɗanta Sani sa'an 'yata ne. Ta saman katangar nan muke karɓar garwashi da gishiri da labarin unguwa. Da farko ta riƙe alkawarin Anti, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai ƙamshi ba ya jin doka. Kullum da safe in ta dama, ƙamshin gyaɗa ya tsallako ya same ni ina ba tawa ruwan koko, in ji kamar in bar gidan.

Sai marka ta kankama. Wata rana da yamma muka ji rugum, katangar ta jiƙe ta zube daga sama, ta bar giɓin da ya kai ƙirjin mutum. Washegari ina shara na ɗaga kai, sai ga fuskar Uwani a giɓin. Ba ni take kallo ba. Yarinyar take kallo, tana zaune a tabarma, ƙuda na bin bakinta ko korewa ba ta yi.

"Asabe, yarinyar nan ce ta koma haka?"

Na sunkuyar da kai. "Haƙora ne," na ce.

"Haƙoran gidanku. Miƙo kwano."

"Anti ta ce kada a raba."

"Anti ta ce! Anti a nan take kwana? Ita ke jin kukan nan ta katanga? In dama abu ƙamshinsa ya shiga gidanki, in juya baya in ɗura wa nawa shi kaɗai, gobe ƙiyama in ce wa Allah me? Miƙo kwano na ce, kafin Inna ta fito."

Na miƙa. Wani ɗan farin kwanon sha ne mai shuɗin baki, daga cikin kayan aurena. Ta cika shi ta miƙo, da zafinsa, kauri kamar a yanka. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Cokali na farko yarinyar ta tofar, na biyu ta haɗiye, na uku ta kama hannuna da nata biyun ta ƙi saki.

Tun daga ranar, kullum da safe kwanon nan sai ya tsallaka. Ludayi ɗaya na Sani, ɗaya na tawa, haka Uwani take rabawa, alhali ashe ita ma ciki gare ta, tana buƙatar abin da za ta sa a bakinta. Yarinyar ta fara dawowa a hankali. Ta fara korar ƙuda, ta fara kukan da ke da ƙarfi, gashin ya soma baƙi daga gindi. Wata safiya na juyo na gan ta tsaye ta dafa turmi tana dukansa da tafin hannu. Daɗi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, kamar wadda ta tsinci abin da ta san mai shi. Inna kuwa ta sani sarai. Da Malam ya ce zai kwaɓa ƙasa ya toshe giɓin, cewa ta yi, "Gini a cikin marka? Bar shi sai kaka." Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Duk ranar awo da faɗuwar gaba nake zuwa. A rataye yarinyar, allurar sikeli ta matsa gaba, Anti Bisi ta tafa hannu ta ce, "Kai ya yi ƙoƙari, Mama!" In yi murmushin yaƙe in saɓa 'yata in gudu.

Kaka ta zo. Aka fara gasa sabuwar masara a bakin titi, gero ya shigo, fuskoki suka saki. Ranar awon ƙarshe muka cika gindin dalbejiya, kowa da wanka da kwalli. Anti ta gama da yaran fari, ta gama da yaran ja, ta zauna a benci tana gwada wannan da wancan. Muna kallo fara'arta ta riƙa janyewa. Ta ɗago ta tambaye mu, mu masu ja, me muke ba yaranmu. Muka fara kallon juna. Sai Uwani ta fashe da dariya ta ce, "Anti, gaskiya dai ɗaya ce, ni na ba ta Asabe." Wata ta ce ita ma ta ba wance. Wata ta ce ita gida biyu take kai wa. Ashe da wuya a sami gidan farin wake da kwano bai fita daga cikinsa ba, kowace kuma tana zaton ita kaɗai ce. Aka yi ta shewa ana tafawa, mu a tunaninmu za ta yi murna, tunda ga yara duk sun murmure.

Ba ta yi dariya ba. Ta dafe kai da hannu biyu, hawaye suka zubo a kan kakin. "Yanzu duka ɗaya," ta ce. "Me ni zai nuna?"

Na matsa kusa na ce ta gaya musu gaskiya mana, cewa duk sun sha ne shi ya sa duk suka tashi. Ta girgiza kai. Da Hausarta mai tuntuɓe ta fahimtar da ni cewa za ta faɗa, amma waɗanda ke can za su ce sabuwar masara ce ta tashe su, tunda masu gari da marasa gari duk nauyinsu ɗaya. Ba ta zage mu ba, ba ta ma yi fushi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da wa'adinta ya cika muka haɗa mata turmin atamfa. Ta ɗauki 'yata ta rungume, ta ja kumatunta, ta tafi. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

Da damina ta zagayo, ba a kawo komai ba. Ma'aikacin asibitin ya ce labari ya zo cewa ba a ga bambanci ba. Ƙugiyar sikelin ta yi tsatsa a reshen dalbejiya. Shekarar ba ta kai ta baya muni a sama ba, amma a kasuwa ta fi ta, don kowa da ramin bara yake fama. Mun iya haɗa garin, Anti ta koya mana, sai dai gyaɗa da waken soya sun fi ƙarfinmu. Uwani ta haifi 'ya mace bayan kaka, aka sa mata Balaraba, kyakkyawa mai manyan idanu. Tana isa fara cin abinci marka ta kama, sai na ga gashinta ya fara ja. An riga an gyara katangar, don haka ta ƙofa nake zagayawa da kwanon nan mai shuɗin baki, in kai abin da nake da shi. Abin da nake da shi kuwa ruwan fate ne.

Ƙyanda ta ratsa unguwa. Yara masu ƙwari suka kwanta suka tashi, har da tawa. Balaraba ba ta tashi ba. Da hantsi ta cika, ana yayyafi, maza suka fita da ita a 'yar tabarma, wani yana riƙe musu lema. A zaman makoki 'yata tana ta yawo tsakanin mata da kumatunta luhu-luhu, ta je ta ja mayafin Uwani. Uwani ta ɗauke ta ta ɗora a cinya tana shafa kanta. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ba ni da hujja, na sani. Da zan kai wa Mai Awo wannan lissafi, ita ce ta farko da za ta ce bai tsaya ba. Wataƙila ko ba a raba ba tallafin ba zai zo ba. Wataƙila ko garin ya zo ƙyanda za ta ɗauke ta. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka, kuma ba ni kaɗai na karɓi kwano ba. Amma duk da haka zuciyata ta ƙi sakin zaren: tawa ta sha, awo ya ɓaci, gari bai zo ba, ta Uwani ta tafi. Da wannan nauyi na aurar da 'ya'ya, da shi na je Makka na dawo. Abu ɗaya ne yake sanyaya mini rai, cewa Uwani ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ba ta taɓa furta ko kalma ba. Bayan mijinta ya rasu ta koma wurin Sani a can ƙarshen unguwa, idonta ya yi rauni. Duk Salla nakan kai mata abinci in cika kwano har murfi ya ƙi rufuwa, ta ce, "Asabe, so kike ki kashe ni da shinkafa?" Mai Awo kuwa ban taɓa gaya mata ba. Ina za a fara irin wannan zance da 'yar fari?

Kwanakin nan kafin Asabar na yi ta juya maganar. Yanzu katangun Tudun Wada na bulo ne, wasu har da fasassun kwalabe a sama, sikelin ma na lantarki ne, ƙuri'ar kuma na'ura ce ta yi. Amma tsadar abinci ta dawo da mu kan gawayi da kwaɗo, kwano kuma ya koyi bi ta ƙofa. In na hana, na toshe giɓin da 'yata ta rayu ta cikinsa. In na yi shiru, na fi kowa sanin abin da ke biyo bayan awon da ya ɓaci.

Ranar Asabar da safe muka hau keke muka tafi. Ajin ya cika da mata da goyo, ruwa na kaɗa kwanon rufi, ga warin jiƙaƙƙen hijabi. 'Yan bautar ƙasar suna tsaye a gefe da wandonsu na kaki, irin na Anti sak. Ina zama na hango Uwani a lungu ta jingina da bango, sanda a gefenta. Matar Sani ce ta kawo ta, da ɗan yayenta a cinya, wanda na san yana cikin masu jira. Ban yi zaton ganinta ba. Na so in ce kaina ke ciwo. Mai Awo ta gama bayaninta ta juyo ta dube ni, dole na miƙe.

Na yi sallama, na ce musu su yi wa Allah su bar garin nan a gidan da aka ba shi, zuwa kaka kawai, don a samu a ga amfaninsa a kawo wa kowa baɗi. Muryata ko ni ban gane ta ba. Ƙunƙuni ya tashi. Wata yarinya mai goyo ta miƙe ta ce, "Hajiya, ke da bakinki? Ke da kike mana faɗa a kan haƙƙin maƙwabci? In ji ɗan maƙwabciyata yana kuka in toshe kunne?"

Na juya zan amsa mata. Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa siminti.

"Asabe ce ke magana?" in ji Uwani. Aka ce ita ce. "To ku ji maganarta. Ni nan da kuke gani na taɓa miƙa kwano ta katanga, a irin wannan markar. Mu duka muka miƙa, muka ɓata wa wata baiwar Allah awonta, ta tafi tana kuka. Da damina ta zagayo ba a kawo komai ba. A ita na binne Balaraba." Ta tsaya ta numfasa. "Ku kai tuwo, ku kai fate, wanda ya yi laushi ku ɗauko shi ku kawo wa yarinyar nan ta kai shi asibiti. Amma garin nan ku bar shi inda aka ajiye shi. Jikana ga shi nan, shi ma jira yake."

Na dafa bango. Ashe ta sani. Ashe duk shekarun nan da nake cika mata kwano tana tsokanata, zaren da nake ja ita ma shi take ja, kuma ita ce a can ƙarshensa.

"Ina 'yar kwanon?" ta ce. "Ku matso mini da ita."

Ba wanda ya gane sai ni. Na kama hannun Mai Awo na kai ta. Ta durƙusa tana dubana, ba ta san me ake ciki ba. Uwani ta lalubo damtsenta ta zagaye shi da yatsu, yatsun suka kasa haɗuwa. Ta yi 'yar dariya.

"Da, yatsa biyu ke zagaye hannun nan har da saura. Asabe, ɗaga kanki, ko ban gani ina jin kin sunkuya. Ban ce na yi da-na-sani ba." Ta ƙara matse hannun. "Ke kuma 'yar nan, ki auna da kyau. Kin ji ni? Kada a sake cewa ba a ga bambanci ba."

Matan suka watse ba hayaniya, ba wadda ta sake musu. A keke muna komawa, ruwa na feso mu ta gefe, Mai Awo tana riƙe da damtsenta daidai inda aka kama. Sai da muka kusa layinmu ta juyo.

"Mama, wace ce Balaraba?"

Na dube ta sosai, ido cikin ido, yadda ban taɓa yarda na dube ta a gaban mutane ba.

"Safiya," na ce. Ta zabura, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. "Da tana raye, da yau 'ya'yanta suna cikin layin awonki. Bari mu sauka, akwai wani kwano da zan nuna miki."